Gudun ababen hawa da fakin a layukan Zariya: yaya kuka yi a unguwarku?

Mazaunin Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka zuba wa layinmu kwalta ya koma hanyar ratse. Duk mai babur ko Keke Napep da ke kauce wa cunkoson babban titi ta nan yake biyowa a guje, kuma daidai lokacin tashin yara daga Islamiyya. Ga motoci a fake a bakin kwana, yaro zai fito ta bayansu ba a ganinsa sai ya kai tsakiyar titi. Muna shirin zuwa wajen kansila. Waɗanda suka riga mu, me kuka yi?

Malamar firamare, Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Don Allah kada ku yi gaggawar da matasanmu suka yi. Bayan an buge wata yarinya, ransu ya ɓaci, suka yi karo-karo suka sayi siminti, cikin dare suka gina tudu a titi. Niyyarsu mai kyau ce, amma tudun ya yi tsini, ba fenti, ba alama. Wani magidanci ya ɗauko matarsa a babur bayan isha'i, bai gan shi ba, suka zube, ta karye a hannu. Da damina ta zo ya tare ruwa, ya riƙa shiga zauren maƙwabta. Abin da ya fi tayar min da hankali, masu babur suka koma bi ta gefe, ta ƙofar gidaje, inda ƙananan yara suke wasa. Sai da kansila ya zo da injiniya aka fasa shi, aka yi mai faɗi marar tsayi, aka shafa fari da baƙi, aka bar wa ruwa hanya. Tun daga nan muka samu sauƙi.

Ɗan acaɓa, Kofar Doka:
Malama, Allah ya saka da alheri da kika faɗi wannan. Mu ma muna da 'ya'ya a layukan nan. Akwai masu ganganci a cikinmu, musamman yaran da aka ba babur kan su kawo balas kullum, hankalinsu na kan kuɗin ne. Amma igiyar da ake ɗaurawa a titi da itacen da ake gicciyawa kisa ne, da dare ba ka ganinsu. A unguwarmu mai unguwa ya kira shugabannin tasharmu aka zauna da su. Yanzu in aka kawo ƙarar yaro, a tasha ake dakatar da shi. Wannan ya fi masa zafi kan zagi. Kuma a duba masu wasa da babur da mota a rakiyar amarya, yawancinsu 'ya'yan masu gida ne.

Tsohon kansila:
Ɗan'uwa na Tudun Wada, kafin ku je ku fara sanin titin na waye. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta tarayya ce, wasu titunan na jiha ne. Layukan cikin unguwa da magudanan ruwa su ne Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma. Kansila ba ya riƙe da kuɗin aiki a aljihunsa. Aikinsa ya kai kukanku zauren majalisa, ya bi ciyaman da sashen ayyuka har a yi. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 ce, kowace da nata koken, don haka wanda ya zo da takarda ya fi wanda ya zo da baki. Ku rubuta, mai unguwa ya sa hannu, limami da shugaban makaranta su sa, ku riƙe kwafi. Ku ambaci wurin da lokacin da abin ya fi tsanani. Kama mai laifi kuwa aikin KASTLEA ne, wato hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Kada matasa su tare direba su ce za su ci shi tara, rigima za ta koma kanku.

Uwargida, Limancin Kona:
Mu cikin birni fakin ne ciwonmu. Lungunan nan tun kafin zuwan mota aka yanka su, yanzu gida ɗaya motoci biyu, kuma ba gareji. Wata rana naƙuda ta kama matar ƙanena cikin dare, motar da za ta kai ta asibiti ta kasa fita, don wani ya toshe bakin lungu ya tafi ya kwanta, wayarsa a kashe. A ƙafa muka riƙo ta har bakin titi. Alhamdulillahi ta sauka lafiya, amma washegari maigidana bai ko karya ba ya tafi wajen mai unguwa. Dattawa suka roƙi wani bawan Allah mai fili a kange, aka ɗauki maigadi, masu motoci suna biyansa duk wata. Wanda ya fi kowa turjewa babban mutum ne da ake jin nauyinsa, sai da kansila ya je gidansa da kansa tare da liman. Mai tifar yashi ne har yau muke fama da shi.

Malami a jami'a, Samaru:
Mu a ƙaramar hukumar Sabon Gari muke, amma matsalar iri ɗaya ce. Ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ta ce kilomita 50 a awa a cikin gari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar 30 a inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa. Dalili shi ne idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yakan ninka huɗu. A layinmu mun fara da hana fakin a bakin kwana da ƙofar makaranta, kuma iyaye maza suna karɓa-karɓa wajen tsallakar da yara da safe. Wannan bai ci mana ko sisi ba.

Uwargida, Limancin Kona:
Ranka ya daɗe tsohon kansila, to masu kafa rumfar biki su rufe titi tun safe fa? Wa za mu kai wa?

Tsohon kansila:
Hajiya, ki fara da mai unguwa, don shi ake sanar wa kafin taro. A mazaɓata mun yi yarjejeniya a masallaci cewa duk mai biki zai bar gefe ɗaya da mota za ta iya wucewa, ya kuma tsayar da matasa biyu su nuna wa baƙi wurin fakin. Ki ce wa Alhaji ya kawo maganar a zaman unguwa kafin bukukuwan bayan salla su kankama.