Dasashin Umma na jini, wai har da guba a ciki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ummanmu na da ciwon suga. Da ta sa aswaki sai jini, dasashinta ya kumbura ya janye, haƙoran ƙasa biyu har sun fara girgiɗi. Likita ya ce ƙwayoyin cutar bakinta na ɗauke da gubar da ke hana sugan sauka. Hankalina a tashe yake. In sayo mata Flagyl a kemis?

Likitan haƙori: Allah ya ba Umma lafiya. Kada ki sayo, 'yar uwa. Gubar sunanta endotoksin, ko LPS, tana jikin fatar ƙwayoyin cuta irin su Porphyromonas gingivalis, masu ɓuya a ramin tsakanin dasashi da haƙori inda iska ba ta kaiwa. Wani ɓangarenta sarƙar suga ce, ɗayan kitse ne mai suna lipid A, shi ne mai dafin. Ko ƙwayar ta mutu, gubar na nan. Garkuwar jiki na ganinta sai ta tayar da kumburi, kumburin ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe haƙori. Ta dasashi mai rauni take leƙawa cikin jini, ta rage wa insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ƙarfi. Dattin da ya daskare a gindin haƙori shi ne gidan ƙwayoyin cutar, magani ba ya kankare shi. A kai ta wankin haƙori a asibiti.

Wata uwa: Ta riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a kuma tafasa buroshinta.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Hajiya, ruwan gishirin zai sa ta ji sauƙi, amma tafasa ba ta lalata wannan guba. A wajenmu sai kwalba ta yi minti 30 a busasshen zafi na digiri 250 kafin gubar ta lalace. Tun 1892 wani masanin kimiyya, Richard Pfeiffer, ya ga ƙwayoyin kwalara da aka kashe da zafi suna hallaka dabbobin gwaji. Sai dai ta baki ba ta kai ta E. coli, wata ƙwayar cuta ta hanji, ƙarfi ba: jelar kitsenta huɗu ce ko biyar, waccan shida. A hankali take ɓarna.

Mai tambaya: Na gode. Amma Umma na tsoro, wai wankin na kwance haƙori.

Likitan haƙori: Cutar ce ta kwance su, dattin ya rufe ɓarnar. Ta karya kumallo, ta sha maganin suganta, ku je da sakamakon gwajinta na ƙarshe.