"Kai ne babba, ka bar mata": ya kuke yi a gidajenku?

Maman Biyu, Shara Mansur (Makka): Assalamu alaikum iyaye. Yarana biyu ne, babban shekara 7 ƙaramar 4, kuma kun san zafin Makka ba mai leƙa waje sai bayan la'asar, ɗaki ɗaya muke wuni, kullum faɗa a kan jawwal ɗina, wato wayata. Ni kuma bakina ya saba da "kai ne babba ka bar mata". Jiya da na faɗa sai ya ajiye wayar a hankali ya koma bayan ƙofa ya zauna, ko kuka bai yi ba, da na kira shi cin abinci ya ce Umma ni yaushe zan zama ƙarami? Wallahi ban runtsa ba.

Hajiya Kaka, Misfala: 'Yata, mu da "babba juji ne" aka rene mu, amma yaron shekara 7 ai bai kai juji ba tukuna. A gidanmu ƙarami ke raba nama babba ya fara ɗauka, haka nake wa jikokina da burodin tamis da safe. Ki ga yadda autan ke auna rabon kamar mai sayar da zinari, don ya san shi ne na ƙarshe.

Abban Uku, Jidda: Ni agogon waya ya cece ni, minti 10 kowa, in ya buga a miƙa. Sati biyu aka sha kuka kafin su yarda. Amma abin da aka sayo wa yaro da sunansa, ko ya saya da idiyyarsa ta sallah, ba na tilasta masa ya bayar. Nasa ne, in ya ba ƙanensa sai in yi ta sa masa albarka a gabansu.

Malama, Madina: Ku tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Ni in zan aika bagala (kanti) da riyal 2 na wannan to da na wancan, in babu kowa ya haƙura.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Yau na ba shi haƙuri, na sa agogo, ita ta yi birgima a ƙasa, na daure ban karɓe masa ba. Sai leƙen fuskata yake yi har mintinsa ya cika.