Kalmomin Turanci na yanayin zuciya sun tsaya mini a wuya

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar IELTS, wadda ake gwada ƙwarewar mutum a Turanci da ita, kuma ɓangaren magana ne ya ƙi ci mini. Karanta jarida da Turanci ba ya ba ni wahala, amma a kashi na 2, inda ake ba mutum minti 1 ya shirya sannan ya yi magana har minti 2, da zarar an ce in bayyana yadda na ji a wani lamari, sai bakina ya tsaya a kan happy da sad da angry.

Ba rashin haddar kalmomi ba ne. Na san embarrassed da ashamed da shy, duk ukun kunya nake ce musu a raina, alhali Bature ba ya musanya su. Haka assertive da aggressive: ta farko yabo ce ga mai faɗin ra'ayinsa ba tsoro, ta biyu zargi ce. Wannan na gane. To blunt fa? Yabo ne ko suka? Sarcastic kuwa na ji ana faɗarta cikin raha, na kuma ji an faɗe ta cikin ɓacin rai.

Ƙamusun Oxford yana ba da misali, amma bai isa ya koya mini wadda za a faɗa wa aboki da wadda ta dace gaban mai jarrabawa ba. Katunan Anki, wato manhajar bitar kalmomi, su ma haddar kawai suke ƙara mini.

Don Allah wanda ya wuce wannan matakin, da me ya koyi nauyin kowace kalma har ta riƙa zuwa bakinsa a lokacin magana?