Neman shawara: injin Hilux ɗin Baba 2L ne ko 3L?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Tsohuwar Hilux ce mai shan gas, ta mahaifinmu, ita ke kwaso mana albasa daga gona, ga lodi yana jira. Ta fara zafi tana shanye ruwa, bakanike ya ce gasket ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin top (murfin saman injin) da bulok (gangar jikin injin). Na sayo na 3L, ya ce bai hau ba. Yaya zan gane injin?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Duba farantin jikin motar: LN injin gas ne, RN da YN na fetur. LN106 da 3L ta fito. Amma faranti shaidar mota ne, injin kuwa ana sauya shi. A jikin bulok akwai ɗan fili mai santsi da aka buga lamba. Wanke da kananzir, goge da buroshin ƙarfe, shafa alli, za ka ga 2L, 3L ko 5L kafin lambar.

Mai tambaya: LN106 ce, shi ya sa na sayi 3L, ba da ka na yi ba. Baba ya ce ba a taɓa sauya injin ba.

Direban Dyna: 5L ne aka dasa mata, ko shakka babu. Masu injin Baljiyam haka suke, abin da ke ƙasa shi za su ɗora maka.

Oga Bakanike: Malam direba, daina hasashe. Tunda an riga an sauke top, a auna faɗin silinda: 2L milimita 92, 3L 96, 5L 99.5. Magana ta ƙare. Kallon top ba ya raba gardama, 2L ƙirar baya-baya da 3L kamar tagwaye suke. Sannan gasket ɗin kauri uku ne, B, D da F, gwargwadon yadda fistin ke leƙowa saman bulok. Ka sa siriri inda mai kauri ya dace, fistin na iya taɓa top.

Mai kayan gyara: Ranka ya daɗe, wa ke auna wannan? Ya kawo tsohon gasket Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, a ɗora kan sabo. Kullum mu ake zagi, alhali kwastoma ne ba ya kawo samfur.

Oga Bakanike: In wancan ma kuskure aka sa fa? Kuma a duba top ɗin, na injin L (su 2L, 3L da 5L) yana tsagewa tsakanin bawul idan ya sha zafi.

Mai tambaya: Tsohon gasket yaran gareji sun yar. Bakaniken nan shekara goma muna tare, ba zan ce masa ya yi awo kamar ban yarda da shi ba. Babu wata hanyar?