Wai ina labarin bas ɗin Sikotilan mai tuƙa kanta?

Bakano:
Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya sani ya min bayani, naji ance a Sikotilan an saka bas mai tuƙa kanta tana ɗaukar fasinja, da gaske babu direba a ciki? Kuma har yanzu tana aiki?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne malam, kamfanin Stagecoach ya fara a watan Mayu 2023, motoci 5, a lokacin suna bi ta gadar Forth tsakanin yankin Fife da birnin Edinbura, tafiyar mil 14. Amma akwai direba zaune a gaban sitiyari yana lura ko da kwamfuta zata rikice, ga kuma wani ma'aikacin mai kula da tikiti da fasinjoji, kaga mutum biyu kenan a mota ɗaya.

Uwar gida:
Ai sun dakatar da ita a Fabrairu 2025, fasinja basu kai yadda aka zata ba. Ni dai direbobi nake tausayi wallahi, mutum da iyali ranar da aka cire shi daga kujerar nan ina zai nufa?

Bakano:
Nagode sosai. To Hajiya in ruwan sama ko hazo ya rufe kyamarorin fa, ya take ganin hanya?