Shin hoto kaɗai zai iya nuna nau'in sauro?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu ilimin ƙwari. Na ɗauki hotunan wasu sauraye a jikin bango, sai na lura wani ya ɗaga bayansa sama, wani kuwa jikinsa na miƙe daidai da bangon. Shin wannan ya isa a gane wanda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya sunkuyar da kai ya ɗaga ciki sama, mai yiwuwa dangin Anopheles ne, wato dangin da masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro suke cikinsa, domin haka suke zama, yayin da sauraye dangin Culex da Aedes ke ajiye jikinsu kusan daidai da inda suka sauka. Ka ƙara duba gefen tsinken bakinsa: macen Anopheles tana da wasu siraran gaɓoɓi biyu da tsawonsu ya kai na tsinken, alhali na macen Culex da Aedes gajeru ne. Idan kuma ka ga gashi ya cika kansa buzu-buzu, namiji ne, kuma namiji ba ya shan jini.

Amsa ta biyu:
Ina goyon bayan wannan bayani, sai dai dangi kawai yake nunawa, alhali nau'o'in sauro sun haura 3,500. A wasu lokuta hoto yana wadatarwa. Aedes albopictus, alal misali, yana da farin layi guda ɗaya a tsakiyar gadon bayansa, shi kuwa Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengue, yana da farare biyu lanƙwasassu a gefe da siraran layuka biyu a tsakaninsu. Amma Anopheles gambiae da coluzzii da arabiensis kamarsu ɗaya ko a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai gwajin ƙwayoyin halitta ke rarrabe su. Don haka duk wanda ya ambaci ɗayansu daga hoton waya, hasashe ne ya yi.

Amsa ta uku:
Ɗan'uwa, kada ka murƙushe sauron kafin ɗaukar hoto, saboda waɗannan zane-zanen ƙananan ɓawo ne masu gogewa da zarar an taɓa su. Ka kama shi da kofi, ka sa shi a firiza har ya daina motsi, sannan ka ɗauke shi ta sama da ta gefe cikin haske, yadda baya da ƙafafu da fuka-fukai za su fito sarai.