Yayana yana wankin ƙoda, jinina ne kaɗai ya dace da nasa

Ummu27: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ya shekara biyu yana wankin ƙoda, sau uku a mako. Mu biyar aka gwada, nawa jinin ne kaɗai ya dace. Shekarata 27, wata takwas da aure, ban haihu ba tukuna, kuma hawan jini ne ajalin mahaifinmu. Wallahi ina son ba shi, amma abin da ke hana ni barci: mai ƙoda ɗaya tana ɗaukar ciki lafiya? Wadda ta bayar sannan ta haihu ta taimake ni.

Baban Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Ni na ba ƙanena shekara shida ke nan. Ta hagu suka cire, huda uku da ɗan yanka a ƙasan cibiya. Kwana uku aka sallame ni, mako biyar na koma aiki. Ki bayar kawai, 'yata.

Ɗan Autan Gida: Baba, ciki fa ta tambaya. Ko kai ma ka yi naƙuda bayan aikin? 😂

Tsohon Direba: Ƙanwata, ki saurare ni da kyau. Ɗan baffana na ba. Kafin aiki kowa sai sa min albarka yake. Bayan wata huɗu wurin yankan ya kumbura, hanji na turowa, aka sake kwantar da ni aka ɗinke. An hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, mai motar ya ba wani makulli. Shi kuma wanda na ba, da ya ji ƙarfi sai ya fara wasa da magungunan da ke hana jiki ƙin ƙodar. Cikin shekara uku ta lalace, ya koma kan injin. Yau ni ke shan maganin hawan jini, kuma ko waya babu mai kirana ya ce ya jiki. Ƙodar da na rasa ba ta ƙona min rai kamar wannan shirun.

Maman Hanif: Innalillahi. Amma ai ɓangaren mara lafiya ke biyan komai na mai bayarwa.

Tsohon Direba: Aikin farko suka biya. Na biyun daga aljihuna.

Baban Sadiq: Ni ko kuɗin gwaji ban fitar ba.

Anti Nas: Ummu, a sashen ƙoda nake aiki. Yawancin matan da suka bayar suna haihuwa lafiya, sai dai haɗarin hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ya kan kusan ninka. Shi ya sa ake cewa a jira kamar shekara kafin ɗaukar ciki, kuma awo ba fashi. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma, ta riƙe kusan kashi 70 cikin 100 na aikin biyun. Mutuwa saboda aikin, adadin da aka daɗe ana faɗa shi ne 3 cikin 10,000. Abin da ya fi damuna tarihin gidanku: uba da hawan jini, yaya da ciwon ƙoda. Ki tambayi me ya kashe tasa ƙodar, ki kuma tambayi gwajin ƙwayar gado ta APOL1, nau'inta mai ƙara haɗarin ciwon ƙoda yana da yawa a jinin mutanen Afirka ta Yamma. Idan kika fasa, likitoci ba sa tona wa dangi dalili.

Tsohon Direba: Anti, ke lissafi kike karantawa, ni tabon yana jikina.

Anti Nas: Ban ƙaryata ka ba, Malam. Amma Ronald Herrick, wani Ba'amurke da ya ba tagwayensa ƙoda a Boston a 1954, sai 2010 ya rasu. Labarin mutum ɗaya ba ya yanke mata hukunci, nawa ko naka.

Maman Hanif: Ni tambayata, ina sauran maza huɗun? An tabbata an gwada su da gaske? Mu a namu gidan, ranar gwaji kowa tafiya ta kama shi.

Hajiya Babba: Kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kullum mace ake turawa gaba. Lokacin mijina, 'yan uwansa kashe waya suka yi, ni da 'yata muka kwana a asibiti wata biyu.

Ummu27: Biyu ne maza, Mama, kuma na ga takardunsu. Anti Nas, gwajin nan kafin a sa ranar aiki ake yi? Har yanzu ban ji daga wadda ta haihu ba.

Hajiya Babba: Da mijin nawa ya rasu kuwa, 'yan uwan nasa ne a gaba wajen rabon gado.